Durham: Hubbaren Waliyyi, Gidan Ruhubanawa da Kagarar Bishop a Kan Dutse Ɗaya

Birnin Durham yana arewa maso gabashin Ingila, a inda kogin Wear ya yi wata lanƙwasa mai tsanani har ya kusa zagaye wani tudun dutse gaba ɗaya. Ta gabas da kudu da yamma ruwa ne da gangare mai tsayi, ta arewa kaɗai ake da ƙasar da ta haɗa tudun da sauran gari. A kan wannan tudu akwai gine-gine uku da a yawancin wurare a Turai ake samunsu a rarrabe, wato babbar majami'a inda kujerar bishop take, da gidan ruhubanawa da ke manne da ita ta kudu, da kagara da ta tare mashigar arewa. Duka ukun sun tashi ne albarkacin kabarin mutum ɗaya da ya rasu fiye da shekara ɗari uku kafin a kafa garin.

Mutumin shi ne Cuthbert, wani baruhubane da ya zama bishop na tsibirin Lindisfarne a 685, ya rasu a 687 a wani ɗan ƙaramin tsibiri inda ya keɓe kansa don ibada. Bayan shekara goma sha ɗaya aka buɗe kabarinsa, ruhubanawan wurin suka ce sun tarar da gawar ba ta ruɓe ba. Wannan labari ya sa Kiristocin arewacin Ingila suka ɗauke shi babban waliyyinsu, sarakuna da attajirai suka riƙa ba hubbarensa kyautar gonaki da ƙauyuka. A tunanin mutanen lokacin, waliyyin ne da kansa yake mallakar ƙasar, limaman da ke hidimar kabarinsa masu riƙon amana ne kurum, kuma duk wanda ya taɓa dukiyar ya tsokani wanda ba a iya kai shi ƙara.

A 793 maharan Viking daga arewacin Turai suka afka wa Lindisfarne ta teku. Hare-haren suka ci gaba har a 875 jama'ar gidan suka ɗauki akwatin gawar da littattafansu suka bar tsibirin. Sun yi kimanin shekara bakwai suna yawo da shi kafin su zauna a Chester-le-Street, inda suka yi fiye da shekara ɗari. A can Sarki Athelstan ya kai ziyara wajen 934, ya bar kyaututtuka, har da tufafin limamai masu aikin zaren zinariya da har yau suna nan. A 995, ƙarƙashin Bishop Aldhun, suka sake tashi suka sauka a tudun Durham. Ruwayar gidan ta ce akwatin ne ya ƙi motsi a hanya har sai da waliyyin ya nuna inda yake so. Mai duban taswira kuwa zai ga wani dalilin da ba ya buƙatar karama, domin da wuya a samu wuri mai sauƙin karewa irin wannan a yankin. Sikotawa sun kewaye garin a 1006, suka sake dawowa wajen 1040, duka biyun ba su ci shi ba.

Zuwan Nomandawa a 1066 ya canza komai. Arewa ba ta karɓi Sarki William da sauƙi ba. A farkon 1069 mutanen yankin suka kashe Robert de Comines, wanda sarkin ya naɗa ya mulke su, tare da ɗaruruwan sojojinsa a cikin Durham. Martanin William shi ne ƙone ƙauyuka da rumbuna da kashe dabbobi a faɗin arewa a hunturun 1069 zuwa 1070, abin da ya jawo yunwar da ta halaka jama'a masu yawa. A 1072 ya sa aka fara gina kagara a wuyan tudun. Tsarinta irin wanda Nomandawa suka baza ko'ina a Ingila ne: a tara ƙasa a yi tsibi mai tsayi, a ɗora hasumiyar tsaro a kai, a kewaye filin da ke ƙasa da ganuwa. Da farko katako ya fi yawa a ginin. Ɗan ɗakin ibada na dutse da aka gina a ciki wajen 1080 shi ne gini mafi tsufa da ya rage a birnin, kuma a kawunan ginshiƙansa akwai sassaƙen dabbobi da fuskokin mutane.

An damƙa kagarar ga bishop, wani baƙo daga yankin Lorraine mai suna Walcher, daga baya aka haɗa masa da mulkin lardin. Bai iya riƙe mutanensa ba, aka kashe shi a wani taron sulhu a Gateshead a 1080. Duk da haka tsarin da aka gwada a kansa ya ɗore. Sarki yana Landan ko Nomandi, iyakar Sikotlan kuwa tafiyar kwanaki ce daga can, don haka yana buƙatar wakili mai cikakken iko a arewa. Idan ya ba wani basarake wannan iko, ɗansa zai gada, gidan ya yi ƙarfi har ya gagara. Bishop ba shi da magajin da doka ta sani, kuma duk lokacin da kujerar ta zama babu kowa, sarki ke da ta cewa kan wanda zai hau.

Magajin Walcher, William na Saint-Calais, baruhubane ne daga Faransa, kuma ya iske masu hidimar hubbaren limamai ne masu mata da 'ya'ya, suna gadon muƙamai da gonaki tun kakanninsu da suka ɗauko akwatin. A 1083 ya sallame su, ya kawo ruhubanawa mabiya ƙa'idar Benedict daga gidajen Jarrow da Wearmouth. Bayan ya yi shekara uku yana gudun hijira a Nomandi saboda zargin hannu a tawaye, inda ya ga manyan majami'un da ake ginawa, ya dawo ya yanke shawarar rushe tsohuwar majami'ar a gina sabuwa. An aza harsashi ranar 11 ga Agusta 1093.

Babban jikin ginin ya kammala cikin shekara arba'in, a 1133, kuma wannan sauri ne a zamanin da wasu majami'u ke cin ƙarni biyu ko uku. Saboda haka ne ginin ya fito da kama ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Dutsen rairayi ne da aka haƙo kusa, daga gefen kogin, abin da ya rage wahalar dako, wadda a lokacin takan fi kuɗin dutsen kansa idan mahaƙa ta yi nisa. Babban magini shi ke zana tsari, ya yanka ma'aunai na katako, masassaƙa su riƙa fitar da duwatsu daidai da su. Ana kwaɓa farar ƙasa da yashi a haɗa duwatsun, ana ɗaga su da igiya da naɗin katako. Da sanyi ya shigo aiki kan tsaya, a rufe kan bango da ciyawa, domin ƙanƙara tana lalata kwaɓin da bai bushe ba. Ba a san sunan maginin da ya tsara Durham ba, sunayen bishop-bishop ɗin da suka biya kuɗi ne marubutan gidan suka adana.

Wanda ya shiga ta ƙofar arewa, abin da zai fara cika masa ido ginshiƙai ne. An jera su ana sassaɓawa, ɗaya dunƙulen ƙananan ginshiƙai, na gaba mulmulalle guda, kewayensa ya haura mita shida, tsayinsa ma haka. An sassaƙa jikin mulmulallun da zane mai zurfi, wasu karkace-karkace kamar haƙoran zarto, wasu raga-raga, wasu layuka a tsaye, wasu kuma murɗaɗɗe. An yanka kowane dutse da rabonsa na zanen tun a ƙasa, ta yadda in an jera su layukan za su haɗu, wanda ke nuna cewa an lissafa komai kafin a ɗaga dutse ɗaya.

Abin da ya sa masu nazarin gini ke zuwa Durham yana sama, a rufin. Yawancin manyan majami'un Ingila na wancan lokaci rufin katako suke da shi a kan babban zaure, domin rufin dutse yana da nauyi kuma yana tura bango waje. A Durham an rufe ginin duka da dutse, ta hanyar fara ɗaura bakuna masu gilma juna daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, sannan a cike tsakaninsu da dutse mara kauri. Wanda ya san ɗaurin guga a tsofaffin sorayen ƙasar Hausa, inda bakuna ke tashi daga bango su haɗu a tsakiya su ɗauki rufin, zai gane dabarar nan take, illa dai nan dutse ne a madadin azara da laka. Bakunan da suka ratsa babban zauren masu tsini ne a sama, kuma tsinin yana ba magini damar daidaita tsayin bakuna masu faɗi daban-daban, yana kuma sauko da nauyi ƙasa fiye da yadda zagayayyen baka ke yi. A cikin benen da ke saman hanyoyin gefe, inda mai ibada ba ya gani, an sa rabin bakuna da suka jingina da bangon zauren. Waɗannan dabaru su ne bayan 'yan shekaru magina a Faransa suka haɗa suka fitar da salon Gothic, mai siraran bango da manyan tagogin gilashi. Durham kanta ba ta kai can ba, bangonta mai kauri ne, tagoginta na asali ƙanana.

A 1104 aka kammala ɓangaren gabas, aka mayar da gawar Cuthbert sabon hubbare bayan bagadi. Kafin nan an buɗe akwatin a gaban shaidu, domin akwai masu shakka, aka sake bayyana cewa gawar tana nan yadda take. A cikin akwatin aka tarar da ɗan ƙaramin littafin Linjilar Yohanna mai bangon jar fata, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 8. Shi ne littafi mafi tsufa a Turai da ya iso yau da ɗinkinsa da bangonsa na asali, kuma babban ɗakin karatu na Birtaniya ya saye shi a 2012 kan fam miliyan 9.

Bishop ɗin da aka yi yawancin ginin a zamaninsa, Ranulf Flambard, ba mutumin zuhudu ba ne. Shi ne mai tatsar haraji na Sarki William na biyu, kuma da Henry na ɗaya ya hau gado ya kulle shi a Hasumiyar Landan. A 1101 ya tsere da igiyar da aka shigar masa a cikin tulun giya, bayan ya shayar da masu gadinsa, ya zama fursuna na farko da aka sani ya kuɓuce daga wurin. Daga baya suka sasanta da sarki ya koma kujerarsa. Ya rushe gidajen da ke tsakanin kagara da majami'a don gudun gobara da ƙazanta, ya bar filin da har yau yake nan, ya gina gadar dutse ta farko a kan kogin. Hugh du Puiset, wanda ya riƙe kujerar daga 1153 zuwa 1195, ya ƙara gada ta biyu, ya faɗaɗa kagarar, ya sa aka rubuta ƙidayar gonakinsa da abin da kowane ƙauye ke biya a 1183. Shi ya gina ɗakin ibada na Galili a ƙarshen yamma, a bakin gangare, wanda yana cikin 'yan wuraren da aka yarda mata su tsaya. Ruhubanawan sun yaɗa cewa waliyyin ba ya son mata kusa da shi, ko da yake tarihin rayuwarsa ya nuna yana hulɗa da shugabannin gidajen ibada mata. Har yanzu akwai layin baƙin dutse a daɓen zauren, wanda aka ce shi ne iyakar da mace ba ta ƙetarewa. A ɗakin Galili ne kabarin Bede yake, malamin tarihin da ya rasu a Jarrow a 735, wanda wani limamin Durham ya ɗauko ƙasusuwansa a ƙarni na 11.

Ikon bishop na Durham ya kai inda ake kiransa bishop mai sarauta. Tsakanin kogin Tyne da kogin Tees yana da kotunansa da alƙalansa, yana buga kuɗinsa, yana karɓar haraji, yana ba da izinin kafa kasuwa, yana tara mayaƙa. Lardin bai samu wakilci na dindindin a majalisar dokokin Ingila ba sai a shekarun 1670. Antony Bek, wanda ya gina babban zauren kagarar, ya fita da rundunarsa a yaƙin Falkirk a 1298 tare da Sarki Edward na ɗaya. Thomas Hatfield a ƙarni na 14 ya sake gina hasumiyar tsaro, ya kuma gina wa kansa kabari a cikin majami'a ya ɗora kujerar bishop a bisansa, can sama, sai an hau matakala. A zamaninsa, ranar 17 ga Oktoba 1346, aka gwabza yaƙin Neville's Cross a bayan gari, aka kama Sarki David na biyu na Sikotlan. Tutar Cuthbert ta riƙa fita tare da rundunonin arewa har zuwa yaƙin Flodden a 1513.

A ɗaya gefen majami'ar rayuwa ta bi wani tsari dabam. A suna bishop ne uban gidan ruhubanawa, amma a aikace shugaban da suka zaɓa daga cikinsu ke tafiyar da shi, kuma dukiyar gidan a rabe take da ta bishop. Rigima kan iyaka da haƙƙi ba ta ƙarewa tsakaninsu. An yi yarjejeniya a 1229, amma a 1300 Bek ya sa mutanensa suka toshe ƙofofin gidan, aka fizgo shugabansa Richard de Hoton daga mazauninsa a majami'a, shari'ar ta kai har gaban Fafaroma.

A ƙarni na 15 ruhubanawan sun kai wajen saba'in, kimanin arba'in a Durham, sauran a ƙananan rassa kamar Lindisfarne, Jarrow, Coldingham a cikin Sikotlan, da Finchale, inda ake tura su bi da bi su huta. Ranarsu tana farawa da tsakar dare, su sauko daga ɗakin kwana zuwa majami'a, sannan su koma sau bakwai kafin wani daren. Tsakanin lokutan ibada akwai karatu da kwafar littattafai a barandar da ta kewaye tsakar gida, da taron safe inda ake karanta babi ɗaya na ƙa'ida a kuma tuhumi mai laifi. Kusan kowane babba yana da ofis: mai kula da baitulmali, mai kula da abinci, mai kula da baƙi, mai rabon sadaka, mai tsaron hubbare. Kowannensu yana rubuta shiga da fita a naɗaɗɗun fatu, kuma da yawa daga cikin waɗannan sun tsira, shi ya sa masana tarihin tattalin arziki suka san farashin hatsi da kifi a arewacin Ingila na wancan zamani fiye da na wurare da dama. Kuɗin gidan yana fitowa daga hayar gonaki, da ushirar majami'un ƙauye, da ulun tumaki, da ramukan kwal, da abin da maziyarta ke jefawa a akwatin hubbare. Ɗakin girkinsu mai kusurwa takwas, wanda magini John Lewyn ya gina wajen 1370, an ci gaba da dafa abinci a cikinsa har ƙarni na 20. Sun kuma kafa kwaleji a Oxford don 'yan'uwansu masu neman ilimi.

A ƙofar arewa akwai wata fuskar dabba ta tagulla da zobe a baki, aikin ƙarni na 12. Wadda ke jikin ƙofar yanzu kwafi ce, ta asali tana ajiye a ciki. Wanda ya yi kisa ko wani babban laifi, idan ya kai ga zoben ya buga, masu tsaro da ke kwana a saman ƙofar za su buɗe masa ko da tsakar dare. Zai faɗi laifinsa, ya ajiye makami, a ba shi baƙar riga mai alamar gicciyen Cuthbert a kafaɗa, a ciyar da shi kwana 37. A cikin wannan wa'adi ko dai ya miƙa kansa ga shari'a, ko ya rantse zai bar ƙasar, a nuna masa tashar jirgin ruwan da zai bi. Rajistar gidan ta nuna fiye da mutum 300 sun nemi wannan mafaka tsakanin 1464 da 1524, akasarinsu kan kisan kai. An soke al'adar a Ingila a 1624.

Ginin bai tsaya a 1133 ba. Daga 1242 aka rushe ƙarshen gabas da ya tsage aka gina ɗakin bagadai tara, mai dogayen tagogi, don maziyarta su samu wurin zagayawa, limamai kuma su samu inda za su yi hidima. Hasumiyar tsakiya, wadda tsawa ta lalata, an sake gina ta a ƙarni na 15, tsayinta mita 66, matakalarta 325.

Rabuwar Sarki Henry na takwas da Roma ta kawo ƙarshen gidan ruhubanawa. Wakilan sarki suka kwashe zinariya da duwatsu masu daraja na hubbaren suka rushe shi, aka binne gawar a wurin ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen dutse. A ranar ƙarshe ta 1539 aka miƙa gidan ga sarki. Gidaje da yawa a Ingila daga nan aka cire musu darmar rufi suka zama kufai, amma Durham ta tsira saboda kujerar bishop ce. A 1541 aka sake kafa ta da sabon tsari, shugaban ruhubanawa na ƙarshe, Hugh Whitehead, ya zama shugaban limamanta na farko, wasu daga cikin 'yan'uwansa suka ci gaba da zama a gine-ginen da suka saba.

Ɓarna mafi muni ta zo a 1650, bayan yaƙin Dunbar, lokacin da sojojin Oliver Cromwell suka tsare fursunonin Sikotawa kimanin 3,000 a cikin majami'ar. Sun ƙone kusan duk katakon da ke ciki don jin ɗumi, kuma wajen 1,700 suka mutu saboda yunwa da sanyi da cuta. A 2013 masu aikin gini kusa da filin da ke tsakanin kagara da majami'a suka tono ramukan da aka zuba wasunsu. Bishop John Cosin ne ya maye kujerun katakon bayan 1660. A ƙarshen ƙarni na 18 masu gyara suka kankare fuskar dutsen waje, suka rushe wani ɓangare na ɗakin taron ruhubanawa, kuma da ƙyar ɗakin Galili ya tsira daga hannunsu. A 1827 aka sake buɗe kabarin Cuthbert, aka fito da guntayen akwatin katakonsa na 698, da matajin hauren giwa, da ƙaramin gicciyen zinariya mai jajayen duwatsu.

A 1832 Bishop William Van Mildert da limaman majami'ar suka kafa Jami'ar Durham, daga baya aka ba ta kagarar. Bayan rasuwarsa a 1836 ragowar ikon sarauta na bishop ya koma hannun gwamnati. Ɗalibai suna zaune a kagarar tun 1837, suna cin abinci a zauren da Bek ya gina. A 1986 hukumar UNESCO ta sanya majami'ar da kagarar cikin jerin wuraren tarihi na duniya.